Magana a Kan Nuna Littattafan Magabata a Ɗakunan Karatun Jami'a

 Maganarmu ta yau a kan wata al'ada ce da ta kafu a jami'o'in ƙasarmu da na maƙwabta, watau a ware wani zaure a cikin ɗakin karatu, ko kusa da shi, a jera tsofaffin littattafai na rubutun hannu da kayan sana'ar mutanen da a cikin akwatunan gilashi, a buɗe ƙofa kowa ya zo ya gani. Waɗansu daga cikinmu in sun ji labarin abin sai su kau da kai, su ce sha'anin 'yan boko ne. Alhali kuwa mafi yawan abin da ake jerawa a can daga zaurukanmu ya fito, kakanninmu suka rubuta shi, fatakenmu suka ɗauko takardarsa a bayan raƙumi. Saboda haka ya kamata mu san yadda abin ya faro, da fa'idarsa, da abin tsoron da ke cikinsa, da kuma sharuɗɗan da mai littafi zai kafa kafin ya miƙa.

Yadda abin ya faro

Tun cikin shekarun 1950 ɗakin karatu na kwalejin Ibadan ya fara tattara littattafan Larabci na malaman Arewa. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962, sai aikin ya matso gida. A 1964 aka soma wani shiri na binciken tarihin Arewa, aka riƙa bin garuruwa ana sallama a ƙofar malamai, ana neman aron abin da ke cikin gafakarsu a ɗauki hotonsa. Jagoran wannan aiki shi ne Abdullahi Smith, Baturen Ingila wanda ya kafa sashen tarihi na jami'ar, ya musulunta, ya zauna a ƙasar nan har ya rasu cikin 1984. Cikin waɗanda suka yi yawon tattarawar akwai Murray Last, wanda ya zauna a Sakkwato ya ɗauki ilmi wurin Waziri Junaidu, ya fitar da littafinsa na tarihin Daular Usmaniyya a 1967.

A 1970 aka kafa Gidan Arewa a Kaduna, a harabar gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna yana Firimiya, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. Wannan gida yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A cikinsa akwai ɗakin karatu, da ma'ajiyar takardun mulki, da littattafan Larabci da na ajami, da zaurukan nuni inda ake ganin hotunan Sardauna da kayansa da labarin zamaninsa. A can ne kuma aka ajiye littattafan Modibbo Ahmadu Fufore, babban alƙali na ƙasar Adamawa. Jami'ar Bayero ta Kano ita ma tana da nata tarin rubuce-rubucen hannu.

Ba mu kaɗai ke wannan aiki ba. A Yamai, Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokokin Nijar daga 1958 zuwa 1974, ya tara littattafai masu yawa, su ne tushen tarin nan na wajen 4,000 da ke cibiyar binciken Jami'ar Abdu Mumuni. A Legon ta ƙasar Gana kuwa, cikin shekarun 1960 aka bi zangunan Hausawa ana aron littattafai ana ɗaukar hotonsu ana mayar wa masu su. Ta haka aka tsare da yawa daga rubuce-rubucen Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya bi hanyar goro zuwa Salaga, ya rasu a Kete Karaci cikin 1934.

Abin da ido zai gani

Wanda ya shiga irin wannan zaure, in malami ne, kada ya tsaya ga karanta matani kaɗai, gama Risala da Ishiriniya ya riga ya san su tun yana saurayi. Ya dubi takardar kanta. Kadan aka ɗaga tsohuwar warƙa aka haska ta daga baya, sau da yawa za a ga tambarin jinjirin wata guda uku a jere cikin jikinta. Wannan takarda a ƙasar Italiya aka yi ta, gidan Galvani na cikin waɗanda suka shahara da yin ta. Jirgin ruwa ke kawo ta Tarabulus ko Misira, sa'an nan ayari ya ratso Sahara da ita ta Gadamus da Gat da Agadas har Kasuwar Kurmi. Baturen nan matafiyi Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya iske ta a Kano cikin 1851, ya lissafa ta cikin hajar da ake shigowa da ita. Ashe ke nan duk littafin da malami ya rubuta a wancan zamani akwai gumin falke a cikinsa. Tsadar takarda kuwa ita ta sa za ka ga marubuci bai bar fili ba, ya cika gefe da sharhi, almajirin da ya gaje shi ya zo ya cusa nasa tsakanin layuka da Hausa ko Fulatanci.

Sa'an nan ya dubi tawada. Tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, an yi ta domin a wanke. Ta takarda kuwa akan haɗa ta da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe domin ta kama ta daɗe, kuma ita ce wadda in ta yi ƙarfi takan ci takardar a hankali, har bayan shekaru wurin harafi ya zama huda. A Alƙur'ani rubutun hannu na ruwayar Warshu, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya, ga zayyana a gefe tana nuna hizbi da rubu'i da sumuni da wurin sujada. Mai ido yakan bambanta hannun Barno da hannun Kano tun daga nesa. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani Bature mai suna Bivar ya ɗauki hoton waɗansu tsofaffin Alƙur'anai na Barno waɗanda aka rubuta wa fassara da tsohon harshen Barebari tsakanin layuka, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, watau 1669. Wanda ya ce karatun ƙasar nan jiya aka fara shi, wannan warƙa guda ta ishe shi amsa.

A irin waɗannan zauruka akan haɗa littattafai da kayan zaman gari: allo da kurtun tawada da alƙalamin gamba, gafaka da buzu, riga mai aska takwas, turkuɗin Kura, da jar fatar Sakkwato wadda Turawa suka riƙa kira fatar Maroko domin ta can take bi ta isa gare su. Akan ga wuri, da mudu, da ma'aunin zinariya, da azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya wadda kowace ɗaya ke ɗauke da 1780 ko yaushe aka buga ta. Ɗan kasuwar yau da ke aika kuɗi ta waya, in ya tsaya gaban wasiƙar wani madugu zuwa ga maigidansa, ya ga yadda aka lissafa goro da bashi da sunayen shaidu cikin ajami, zai san cewa amana da rubutu sun riga banki zuwa kasuwa. Gani ya kori ji.

Labarin Malam Umaru Falke

Akwai wani labari da ya kamata kowane malami da kowane ɗan kasuwa ya yi tunani a kansa. Malam Umaru Falke mutumin Kano ne, an haife shi a 1893, ya rasu a 1962. Ya haɗa fatauci da malanta, ya yi tafiye-tafiye na ciniki da na neman ilmi, yana cikin manyan almajiran Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha. Duk inda ya sauka yana kofen littafi, yana sayen littafi, har ya bar abin da ya haura guda 3,000, na fiƙihu da tauhidi da nahawu da sufanci da madahu da magani, mafi yawa da Larabci, waɗansu da Hausa. Bayan rasuwarsa wannan tari ya koma ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern a garin Evanston na Amurka, yana can an lissafa shi an adana.

Labarin yana da fuska biyu. Ta farko, tarin ya tsira a dunƙule, gara ba ta ci ba, ba a yayyaga shi wurin rabon gado ba, har masu bincike suna iya sanin abin da malami ɗaya na Kano ya karanta a tsawon rayuwarsa. Ta biyu, almajirin da ke Ƙoƙi ko Madabo, in yana son ya riƙe waɗannan warƙoƙi da hannunsa, sai ya nemi biza da kuɗin jirgi. Ba mu ɗora wa kowa laifi ba a kan abin da ya wuce. Abin da muke cewa shi ne, littafin da bai sami matsuguni mai aminci a gida ba, ko dai ya yi nisa ko ya lalace.

Lalacewar kuwa kowa ya san hanyoyinta. Gara takan shiga adaka ta gindi, ta cinye ciki ta bar tadarishi yana nan kamar lafiya lau. Damina takan jiƙa bango, danshi ya manne warƙoƙi, hunturu ya zo ya busar da su su riƙa karyewa. Ga ɓera, ga gobara, ga rushewar soro. Wadda ta fi duka ciwo ita ce ta rabon gado. Littattafanmu na da ba ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake, abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar nan da marubuci kan ajiye a gindin warƙa don ta nuna wadda ke bi mata. In malami ya rasu, magada ba su bi hanyar karatu ba, sai a kasa takardu kamar ana kasa gero, farkon Muhtasar ya tafi wani gida, ƙarshensa wani gida, warƙar ƙarshe mai sunan marubuci da shekarar kammalawa ta ɓace. Daga ranar nan littafin ya zama maraya.

Abin tsoro

Malaman da ke ɗari-ɗari da wannan al'amari suna da hujja, kuma wajibi ne mutanen jami'a su saurare su.

Akwai maganar ladabi. Alƙur'ani ba kayan kallo ba ne irin tukunya ko takobi. Wanda zai ɗauke shi ya sa a akwati, ko ya juya warƙarsa, ya kamata ya kasance mai tsarki, kuma kada a ajiye shi a ƙasa da waɗansu kaya, kada a jera shi tare da abin da bai dace ba. Akwai maganar kundi. Abin da malami ya rubuta na asirai da laƙani da sirrin gidajen mutane, ba don bango ya rubuta shi ba, kuma ba kowane abin da ya tsufa ne ya halatta a baje ba. Akwai maganar suna. An sha ganin littafi a bayan gilashi, an rubuta masa bayani da Turanci layi biyu, babu sunan wanda ya wallafa, babu na wanda ya kofa, babu na gidan da ya fito, kai ka ce daga sama ya faɗo. Mu kuwa ilminmu da salsala yake tafiya, wane daga wane. Akwai kuma maganar ƙofa. In malamin zaure ya zo da rawaninsa da buzunsa yana son ya duba littafin kakansa, aka tsare shi a bakin ƙofa ana tambayarsa katin ɗalibi, to an ƙwace ne, ba a adana ba.

Har wa yau, tara ƙwai duka a kwando ɗaya yana da nasa haɗari. A Tambutu, cikin Janairu 2013, 'yan bindiga suka ƙone wajen littattafai 4,000 a cibiyar Ahmad Baba kafin su fice daga garin. Abin da ya tsirar da mafi yawan dukiyar garin shi ne mutane sun riga sun kwashe ta a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako. Darasin shi ne kowane littafi mai daraja ya kasance yana da hoto a wuri fiye da ɗaya. Yanzu abin ya yi sauƙi, ana ɗaukar hoton warƙa da na'ura a adana cikin kwamfuta, ba tare da littafin ya kwana a waje ba.

Sharuɗɗan mai littafi

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba a wannan babi. Hanyoyi huɗu ne, kowace da hukuncinta, kuma kada mai littafi ya sa hannu sai ya san wadda ya bi. Kyauta tana fitar da littafi daga mulkinka har abada. Ajiya tana barin sa naka, amma wanda aka ba ajiya ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ta'adi. Aro, a mazhabarmu ta Malikiyya, mai aro yana lamunin abin da ake iya ɓoyewa, littafi kuwa yana cikinsu, sai fa in hujja ta tsayu cewa ya halaka ba da sakacinsa ba. Hubusi kuma, watau waƙafi, ya inganta a kan littattafai, yana hana a sayar ko a gada, yana barin amfanin ga masu karatu, ladan yana bin mai shi har kabari. Malamin da ya ga 'ya'yansa sun kama wata hanya, ya yi tunani a kan wannan ta huɗu tun yana da ƙarfinsa.

Kowace aka zaɓa, a rubuta takarda da Hausa ko Larabci, da shaidu biyu, kowane ɓangare ya riƙe kofe. A ƙirga warƙoƙi a gaban mai su, a rubuta adadin. A faɗi abin da za a nuna wa jama'a da abin da za a rufe. A rubuta sunan mawallafi da na mai kofe da na gidan a jikin bayanin, da ajami tare da boko. A ba iyalin hoton littafin duka. A tabbatar musu da izinin shiga su duba duk sa'ad da suka so. In aro ne don nuni, a yanke ranar mayarwa. A tambaya kuma yadda za a tsare shi, gama haske mai ƙarfi yana kashe jar tawada da rawaya, don haka masu sanin aikin sukan rage fitila, su riƙa juya warƙa lokaci lokaci, ba su barin shafi ɗaya a buɗe shekara da shekaru.

Wanda kuma ya zaɓi ya riƙe nasa a gida, hakkinsa ne, sai dai ya riƙe da kyau. Ya ɗaga adaka daga ƙasa, ya janye ta daga jikin bango. Ya buɗe bayan damina ya sha iska a inuwa, kada a rana. Kada ya liƙe yagaggiyar warƙa da salatif, kada ya kai a rufe ta da leda mai zafi, gama waɗannan gyara ne na yau, ɓarna ta gobe. Ya naɗe da farin ƙyalle mai tsabta. Ya sa almajiri mai kyan hannu ya rubuta sunayen littattafan duka a takarda ɗaya, domin abin da aka lissafa ya fi wuyar ɓacewa.

Kira ga ɓangarori uku

Ga hukumomin jami'a, muna roƙo duk ranar da aka buɗe nuni a aika wa limamai da makarantun allo da shugabannin kasuwa goron gayyata, a kuma zaunar da malami mai karanta hannun da kusa da akwatunan, ya karanta wa baƙi da murya. Littafin da ke bayan gilashi babu mai karanta shi kamar rijiya ce da aka rufe bakinta. Masu iya warware tsohon hannu da ramzin shekaru suna raguwa, kuma mafi yawansu a zaure suke, ba a ofis ba.

Ga attajirai, akwati da fitila da na'urar hoto da albashin mai gyaran takarda duk kuɗi suke ci. Kakanninku suka kawo takardar, ba abin kunya ba ne jikoki su sayi akwatin da za a adana ta.

Ga 'yan'uwana malamai, mu ɗauki manyan almajiranmu mu kai su su gani. Yaron da ke wanke allonsa kullum, ana ce masa abin da yake yi ba shi da gobe, in ya ga irin rubutunsa an ɗaukaka shi, manyan masana suna sunkuyawa a kansa, zai koma ya riƙe alƙalaminsa da wani ƙarfi. Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u, abin da ya iso gare mu na iliminsu ya iso ne domin kowane zamani ya sami wanda ya kofa, ya naɗe, ya miƙa. Yanzu amanar tana hannunmu, kuma za a tambaye mu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Haza wassalamu.